Turmin da ya je masallaci

Bari in ba ka misali da wani dattijon manomi da ciwon gwiwa ya hana shi ruku'u da sujada. Ɗansa ya aiko masa da kujerar roba daga birni, fara sol, don ya riƙa salla a zaune. Ba ta yi wata biyu ba, ranar nan ana tsakiyar La'asar ƙafarta ta ce ɓaras, tsoho ya yi zaman 'yan bori a cikin sahu, hula can, carbi can. Babu wanda ya yi dariya, amma shi ya ji ta a ransa. Daga ranar ya ɗauke ƙafa. In ladan ya kira salla sai ya yi tagumi a zaure, abin yana cinsa ƙwarai, don shekara hamsin jam'i bai wuce shi ba sai da larura.

Wata safiya ya dogara sanda ya zaga bayan rumbu, sai ga tsohon turmin matarsa a yashe, ya tsage, yana jiran a faskara shi a kai murhu. Ya ƙwanƙwasa, ya ji icen kirya ne, ko gara ta gaza da shi. Ya ce a ransa, abin da ya sha taɓarya shekara talatin bai ce uffan ba, nauyina ne zai dame shi? Ya kife shi, ya ɗaure tsagar da waya, ya naɗe gindin da tsumman bargo, ya rufe da guntun buzu ya bi da ƙusa. Matar ta riƙe baki: "Malam, namiji a kan turmi? Ai sai a yi da mu a gari!" Wallahi an kuwa yi, har da masu tambayarsa ko daka ya zo yi. Ya toshe kunne, ya mirgina turminsa har masallaci, ya kai shi ƙarshen sahu, ya zauna daram, ya yi kabbara hawaye na zuba. Shekara tara ya yi a kan turmin nan, jam'i bai sake wuce shi ba. Kujerun roba kuwa sun shigo masallacin sun fita ba adadi. Ranar da aka kai shi makwanci, tsofaffi uku ne suka aiko wa matar da gaisuwa, kowanne yana roƙon a bar masa turmin.

Ka ga gaskiyar masu iya magana da suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.