Mai Jan Wutar Sola

Firjin asibiti ya sake yin ƙarar ƙarancin wuta da la'asar, karo na shida a mako guda. Malamar asibiti ta fito ta tarar da Injiniya tsugune gaban batura.

Injiniya suna ne kawai. Horon mako biyu ya yi lokacin da ƙauyen ya haɗa hannu aka kafa farantan sola, aka damƙa masa makulli da filaya.

"Na san abin da ya same ka," in ji ta, "amma in alluran rigakafin nan suka yi zafi, yara arba'in ne za su rasa. Wani yana jan wuta fiye da rabonsa. Nemo shi."

Dokar kwamiti a fili take: kowane gida kwan fitila biyu da soket ɗaya, manyan na'urori kuma sai an ba mutum gurbin lokaci.

Ya bi gida-gida. Tela ya ɗaga masa dutsen gugar gawayi ya ce, "Ko shi ma wutar yake sha?" Mai walda ya rantse cewa gurbin da aka ba shi watan jiya, babu mai amfani da shi ne. Kawun Injiniya mai aski ya biyo shi har titi yana ihu, "Ɗan nan, ka yanke min wuta da rabin kan mutum a hannu?"

Layi bakwai ya yanke, ya sha zagi, batir bai fasa sauka ba. Kwamiti ya zauna, kowa na nuna kowa. Injiniya dai yana zane a ƙasa da bakin filaya.

Ranar Laraba kwalaben rigakafi goma sha biyu suka lalace. Malamar ba ta yi faɗa ba. Ta jera su a gabansa, ta koma wajen matan da suka tako daga nesa da goyo, ta ce su dawo wani makon.

Ya daɗe yana kallon kwalaben. Sannan ya miƙe, bai tsaya ƙofar kowa ba sai gidansa.

Ɗakin da ya buɗe yana gurnani a hankali, kamar mai barci. Ya ɗaga murfin tsohuwar firiza, ya shafa ƙulle-ƙullen ƙanƙarar da matarsa ta ɗaura da hannunta ranar da naƙuda ta tafi da ita, sannan ya zare filogin da ya kasa zarewa wata biyu.