Masanin Zane da Zauren Kakansa

Tunda kai ma ka kama hanyar binciken kayan mutanen da, zauna ka ji wannan. An yi wani malamin jami'a da ya ƙarar da shekara ashirin da bakwai kan tambaya guda: yadda adon gini ya riƙa ƙetare Sahara tare da ayarin fatake, ya je ya dawo. Abin da ya sa masa wannan ƙishirwa shi ne zauren kakansa, inda wani magini na can baya ya murɗa dagi da tauraro mai kusurwa takwas a jikin bango, irin da babu shi ko'ina a garin. Ya je birnin Fas, ya je Alƙahira, ya sha sanyin gidajen tarihi na Turai har furfura ta fito masa. Kowace ƙofa ya auna, kowane bango ya ɗauki hotonsa. Na gida kaɗai ya bari, wai na gida ba ya gudu, shi ne babin ƙarshe. Ilimi fal ciki, amma ya manta abin da kowace tsohuwa a unguwarsu ta sani: ginin ƙasa sai da yaɓe duk shekara. Sau uku wansa yana aika masa cewa bango ya tsage, tsohon maginin da ya iya bin zanen kuma ƙarfinsa ya ƙare. Amsar kullum ɗaya ce: sai bayan taron nan.

Ranar da ya iso gida da kyamara da littafinsa saura babi ɗaya, sai ya tarar da bulo da siminti, sumul, an shafe da shuɗin fenti. Ruwan bara waccan ya kayar da zauren, maginin kuma ya riga mu gidan gaskiya. "Mu mun jira ka, Dakta," in ji wan nasa, "bangon ne bai iya jira ba." Ya bi gida-gida neman tsohon hoto, ya samu ɗaya na ranar suna, jama'a sun tsaya sun rufe zanen kaf. Ya ɗauki alƙalami zai zana da ka, hannunsa ya riƙa kawo na Fas da na Alƙahira, na kakansa ya ƙi zuwa. Nan ya zauna kan dakali, dattijo da shi, ya yi kuka ba kunya. Littafin yana cikin akwati har yau, don masana ba sa karɓar "na taɓa gani" a matsayin hujja. Gaskiyar Bahaushe ce: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.