Dutsen Murhun Inna

"Ba inda dutsen nan za shi!" in ji Inna. "A kansa uwata ta yi girki."

Na ce, "Doka ce ta ce a mayar da shi, Inna. Daga kangon ofishin 'yan dokan Turawa aka kwaso shi."

"To dokar ta zo ta riƙe mini tukunya."

Da hantsi ma'aikata suka iso da na'urar nan mai sa duwatsu su maimaita abin da suka taɓa ji. Suka kafa ta a murhunmu.

Muryar wani mutum ta fito a dashe, yana roƙon ruwa. Ya daɗe yana roƙo, ba wanda ya kula shi.

Inna ta zauna a ƙasa, ta dubi tokar.

"Ɗanlami, shekara nawa ke nan muna hura masa wuta?"