Ƙafar Tankin Amarawa

Malami mai walda ya gama sanya wa tsagaggiyar ƙafar tankin ruwa rigar babban bututun ƙarfe, ya shiga ɗura kwaɓaɓɓen siminti a tsakaninsu. Tankin nan kaɗai ke shayar da shanun Amarawa, kuma Malami da bakinsa ya rantse ba zai faɗi ba.

"Malami, wannan ƙafar fa…" in ji Hajjo mai nono.

"Inna, yaushe aka ba ki injiniya? Mi ya haɗa ƙwarya da ƙarfe?"

Ƙafar ta shanye siminti buhu biyu maimakon rabi. Malami ya ce ai ƙarfin ke nan.

Bayan kwana bakwai aka cika tankin. Ya maka wa gyaran guduma a gaban makiyaya, ko gezau. Ya buɗe famfo yana murmushi. Ko ɗigo bai fito ba.

"Ta cikin ƙafar nan ruwan ke saukowa, ɗana," in ji Hajjo. "Simintinka ya bi tsagar ya toshe ta. Amma sannu da aiki. Shanunmu sun samu inuwar da za su yi ƙishirwa a ƙarƙashinta, shekara ɗari ba ta faɗuwa."