Mayaƙin da Ya Ci Dawar Surukinsa da Yaƙi

Kullum cewa ake yi ba ni da aiki sai zuba, amma in magana ta cije ƙofata ake bugawa, a tafi kuma ba ko na gode. To, tunda ka tambaya ko da aibu mayaƙi ya ji daɗin kisa a fagen fama, gyara zama.

An yi wani manomi a wani gari da mahara suka addaba, har ta kai kowane namiji ya ajiye fartanya ya ɗauki takobi. Ranar da ya fara kashe mutum, bayan wata tsamiya ya zaga ya yi ta amai, ya yi kwanaki tuwo bai wuce masa maƙogwaro ba. Amma da suka dawo gari mata suka rangaɗa masa guɗa, makaɗin yaƙi kuma ya yi masa take nasa na kansa, wanda da an buga kowa ya san da wa ake. A fita ta gaba bai yi amai ba. A ta bayanta sai ya ji wani sanyi ya ratsa masa ƙirji: ga wancan a kwance, ga shi shi a tsaye yana numfashi. Tun yana jin kunyar abin har ya saba, ya raɗa masa suna kishin gari. Da aka yi sulhu kowa na murna, shi kuwa ji ya yi kamar an janye masa akushi yana tsakar ci.

Ana nan sai ya ga wata bazawara, 'yar wani dattijo, ya ji duk duniya ita yake so, ita ma ba ta ƙi ba. Dattijon nan shi ma ya yi yaƙi da ƙuruciyarsa, amma ba a taɓa jin labarin a bakinsa ba. Ya ce da mayaƙi kisan da ya yi bai dame shi ba, don da ba domin irinsu ba da garin ya zama kufai. Abin da ya dame shi, duk sanda yake ba da labarin yadda ya sare wane, idonsa ƙyalli yake yi kamar mai azumi ya hango fura. Mayaƙi ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, wallahi a can daji na baro wannan." Dattijo ya ce madalla, to ya kawo gayya a yi masa maimai, wato noma na biyu, a gonar dawarsa kamar yadda kowane mai neman aure yake yi, in gona ta yi kyau a sa rana.

Ranar gayya mayaƙi ya zo da abokansa, dawa ta kai ƙugu, ta yi sahu-sahu a kan kunya, kore shar. Ka san gayya ba ta yiwuwa sai da ganga, kuma tun da yaƙi ya ƙare makaɗin yaƙi ya koma kiɗan noma, don ciki ba ya sulhu. Yana bin manoma ɗaya bayan ɗaya, yana buga wa kowa takensa, mai take ya ƙara duƙawa. Da ya iso bayan mutuminmu ya laluba, bai da wani take nasa sai na fagen fama. Ya ko saka masa shi. Mayaƙi ya ji fartanya ta yi masa shafal a hannu. Ya ɗaga kai, sai ga sahu a gabansa, duk a tsaye, iska na kaɗa su kamar suna matsowa. Ciyawa kuwa tana ƙasa, wa ke kula wanda ya riga ya kwanta? Ya yi kururuwa ya faɗa wa dawa da sara, dama da hagu, yana kirari yana ƙyalƙyala dariya. Makaɗi yana daga baya, ƙura kawai yake gani, ya ɗauka aiki ne ke ci, ya ƙara wuta. Abokansa suka zubar da fartanyoyi suna ihu, amma ba mai matsawa kusa, don sun san hannun. Sai da wani ya rungume ganga sannan mayaƙi ya tsaya yana haki, rabin gona a kwance, ciyawa kuwa ko kwarzane babu.

Daidai nan dattijo ya iso, 'yarsa na biye da ƙwaryar fura a kai. Bai ko dubi gonar ba, fuskar mutumin ya duba. Ya ce, "Dawa ana sake shukawa, ɗana. Taɓa bakinka ka ji, har yanzu murmushi kake yi." Mayaƙi ya taɓa, ya ji haƙora a waje. Bazawara ta sauke ƙwarya a gaban makaɗi, ta ce ya sha ya ƙoshi, shi ya yi aikin yau, gara da aka buga taken nan a gona ba a tsakar gidanta ba.

Maganar aibu da rashinsa na bar wa malamai, kada a ce na ƙwace musu sana'a, ko da yake zan iya. Ni dai abin da na sani, mutumin nan gari ya aike shi yaƙi, yaƙi ya ƙare, gari ya kwance shi, amma daɗin da ya ɗanɗana bai kwance shi ba. Ai shi ya sa Hausawa suka ce, sabo turken wawa.