Kalmar da Ta Ɓace a Saƙon Kumasi

Sau uku Raihanatu ta karanta saƙon. "Mahmud is fine. Wait him."

Shekararta tara tana koyar da Ingilishi a kolejin Birnin Konni, kuma wannan kuskure ta san shi kamar yunwar cikinta. Ƙaramar kalmar nan "for" ce ta ɓace a tsakiya. Bahaushe ya ce "jira shi", Faransancin lakwal, wato makarantar boko, ma haka ya koya masa, shi ya sa ɗalibanta ke zubar da ita kullum. Amma mutumin Kumasi, wanda Ingilishi ne abin cinikinsa tun safe? Haba! Wanda ya rubuta wannan, ruwan Konni yake sha.

Mahmud ƙanenta ne. Wata bakwai ke nan da ya bi motar albasa daga Galmi zuwa Gana, a wata na biyu wayarsa ta mutu. Tun daga nan, duk Juma'a da la'asar sai saƙo ya shigo mata daga wata lambar Gana, wai maigidansa ne. In ta kira, a kashe. Mahaifiyarsu Inna Kulu tana kwance, hawan jini ya shanye mata ɓari guda, likita ya ce kada a kuskura a tayar mata da hankali. Ba ta iya haɗiye ko fura ranar Juma'a sai an karanta mata saƙon.

Shin Mahmud yana raye? Abin da ke cin Raihanatu ke nan, kuma ta san wanda take zargi.

Lurwanu direba, shi ya tafi da yaron, shi kaɗai ya dawo. Mutumin da a da surutunsa ya ishi tasha, yanzu in ya hango ta sai ya tuna igiyar takalminsa ta kwance. Kuma wai shi ne ya zo ya rubuta sunansa a ajin manya da take yi wa 'yan kasuwa Litinin da Juma'a. A zauren gidansu ake ajin, don mahaifinta Malam Sallau ya hana ta neman wani wuri. Tsohon yana nan bakin ƙofa bisa tabarmarsa da sabon gilashinsa. Tun da ya dawo daga wata tafiya ta kwana tara ya rage magana, ya ƙara yawan sadaka.

Ran Litinin ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: WAIT FOR. Ta sa suka maimaita har maƙogwaro ya bushe.

"Kai Lurwanu, da ƙarfi! Ko motarka ta fi ka murya."

Ajin ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Juma'a ta zo. "Mahmud is fine. Wait for him."

Ga kalmar da ta ɓace ta dawo. Wallahi ta so a ce kuskuren yana nan daram. Ta shiga ɗaki ta karanta wa Inna da fara'a, ta ba ta fura a baki, ta fito cike da haushi. Wato ita da kanta take gyara wa maƙaryaci ƙaryarsa, kyauta!

Amma ajin mutum goma sha ɗaya ne, ba za ta kai mutum jandarma saboda kalma mai harafi uku ba. Sai ta haɗa tarko. Da aka tashi ran Litinin, ta tsayar da Lurwanu shi kaɗai a bakin ƙofa.

"Ka tuna 'look after', kula da mutum? An daina yayinta. Mutanen Gana yanzu 'look behind' suke cewa. Kai da ke zuwa can, kada a yi maka dariya."

Ƙarya ce tsagwaronta, babu mai faɗin haka a duniya. Lurwanu ya rubuta a bayan hannunsa, ya yi godiya, ya durƙusa ya gaida Malam Sallau, ya tafi.

Kwana huɗun nan ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Ta ƙirga abin da zai iya faruwa a hanyar Kumasi: haɗari, kurkuku, faɗa a kan kaya. Duk wanda ta ɗauko, sai ta ga fuskar Lurwanu a ciki.

Ran Juma'a ana tsakiyar darasi wayarta ta yi ƙara. Ta duba. "Do not worry. I look behind him like my son."

Ta ɗago. Lurwanu yana layin baya, hannunsa ɗaya cikin aljihu.

"Tashi," ta ce. "Fito da abin da ke aljihunka."

"Malama, goro na."

"Ina ka baro mini ƙanena? Ka faɗa nan, ko ka faɗa gaban jandarma!"

Ƙato da shi, sai ga hawaye. "Don Allah Malama ki bari. Rantsuwa anka sa ni."

Rantsuwa! Ai ko ba ta jira ya kashe wayar ba. Ta danna lambar Ganar nan take, ta ɗaga tata sama don kowa ya shaida. A karo na farko cikin wata biyar, kiran ya shiga.

Aljihun Lurwanu shiru. Daga bayanta ƙarar ta fito, daga bakin ƙofa.

Ta juya. Malam Sallau yana laluben ƙarƙashin tabarma, inda wata waya ke ta ƙara, ya kasa samun wurin dannawa.

"Katse kiran, ɗiyata, kar uwarki ta jiya," ya ce a hankali. "Da hannuna na sa shi kabari a Kumasi."