Guɗar Iya Tasalla

Tun da aka kafa dokar da ta ce wanda ya riga kowa yin rajistar sauti shi ne mai shi, kowane gida aka maƙala masa wani ƙaramin kunne na hukuma a bango. Duk sautin da yake da mai shi, kunnen haɗiye shi yake yi, sai fa in an karɓo lasisi.

Da hantsi Iya Tasalla, tsohuwar maguɗiyar unguwa, ta shiga gidan jikanta Sallau, inda ake sunan ɗansa na fari. Da labarin raɗin suna ya iso cikin gida, ta kama hanci, ta ɗaga kai, ta rangaɗa guɗa. Maƙogwaronta ya yi ta rawa, amma ba wanda ya ji komai.

"Iya, ki huta," in ji Sallau. "Wani kamfani ya naɗi guɗarki a wani biki tun kina da ƙuruciya, ya yi mata rajista. Amma na karɓo lasisi."

"To, sai in sake."

"Na kunnawa ne, Iya, ba na yi da baki ba."

Ya latsa wayarsa. Guɗa ta cika tsakar gida, doguwa, mai karkarwa a ƙarshe, mata suka hau shewa.

Wata baƙuwa da ke zaune kusa da Iya Tasalla ta girgiza kai. "Irin ta mutanen da can ke nan. Allah ya jiƙan mai muryar nan."

Iya Tasalla ta gyara lulluɓinta.

"Amin," ta ce.